Ƙusoshin Motar Alhaji Mamman da Injin Sabon Gari

Tun ranar da na dawo daga Kano ban samu na hura wuta cikin kwanciyar hankali ba. Da na kama zugazugi sai wani ya leƙo maƙera ya ce, "Ilu Bahago, wai da gaske ka ga injin da ke haihuwar ƙusa?" In fara ba shi labari, ina tsakiya wani ya shigo ya ce a koma farko. Ƙarfe ya huce, gawayi ya ci a banza. To, ga labarin nan gaba ɗaya, daga fita Damagaram har dawowa. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, sai ya zauna ya yi mini zuga.

Saboda waɗanda ba sa gari lokacin, bari in faɗi abin da ya kai ni. Alhaji Mamman ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, a hannun wani Bafaranshe da zai koma gida. Ƙarshen bazara ne, sauran gyaɗar mutanen unguwarmu na jibge a fili cikin buhuna, tana jiran motar ta kwashe ta zuwa Kano kafin ruwa ya sauka, sai tayar baya ta hagu ta yi faci. Direba ya sa sifana, noti ya ƙi motsi. Aka tara majiya ƙarfi, aka zura dogon bututu a sifanar, wani ɗan kokawa ya hau ya yi tsalle a kai. Ƙusa ta ce ƙas, ta karye. Aka ce tsatsa ce, aka koma ta gaba. Kafin la'asar babu ƙusa ko ɗaya da ta rage da rai a ƙafar nan. Sauran motocin gari kuwa duk an riga an kama su.

Alhaji ya zo wurin babana. Idanun Baba sun daɗe da tafiya, amma har gobe shi ne mai maƙerar, kuma in ka miƙa masa fartanya ya shafa da babban yatsa zai gaya maka wanda ya ƙera ta cikin 'ya'yansa. A gaban jama'a ya ce, "Alhaji, je ka kwanta. Gidan nan zai tayar da motarka kafin ruwa." Muka ƙera sanduna muka buga, mota ba ta kai ƙofar gari ba suka lanƙwashe. Nan ne direba ya ce ya ji labarin wani inji a Sabon Garin Kano.

Da zan tafi Baba ya kira ni, ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya ciro magagarinsa na gugar ƙarfe, wanda bai sake riƙewa don aiki ba tun da ya makance. Ya ce, "Ni cewa na yi gidan nan zai tayar da ita. Kada ka je ka zama ɗan aike. Ka tabbata hannunka na cikin aikin." Da wannan magana na hau mota, kuma ba ta bar ƙirjina ba har na dawo.

A saman buhunan gyaɗar wani na yi tafiyar, rana na dukan ƙeya. Guntun ƙusa ɗaya da notinta na naɗe a tsumma na rataya a wuya don kada ya ɓata. A duwan, shingen binciken kaya na bakin iyaka, bayan mun wuce Matamaye, mai bincike ya ga ƙulli a ƙirjina ya ce in kwance. Ya juya ƙarfen, ya shinshina, ya kira abokinsa, suka yi ta Faransanci, sai da direbanmu ya rantse musu ba kayan bindiga ba ne. Da muka isa wurin 'yan Ingilishi, waɗanda suke ce wa nasu kwastan, wani mai gajeren wando ya dube ni ya ce, "Yanzu kai daga Faranshi ka taso saboda wannan guntun?" Na ce masa guntun nan ya fi kayan motar duka nauyi. Ya yi dariya ya ce in wuce.

Muna barin iyaka sai na ga direba ya karkata ya koma hannun hagu, ga wata mota na tahowa. Na yi ta dukan rufin mota ina salati, na ɗauka gyangyaɗi yake. Mutanen da ke kan kaya suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe a ƙasar Ingilishi hagu ake bi. Na ce to madalla, yau dai bahago ya zo ƙasarsu. Muka sha fura a Daura, muka wuce Kazaure, muka shiga Kano rana ta yi sanyi.

A Fagge na sauka, gidan Malam Sani, fatoman da mutanenmu ke sauka wurinsa. Yana jin bakina ya ce, "A'a, Badamagare! Ku ɓoye tulunan ruwa, mutanen ƙishirwa sun iso." Na ce masa ai mun zo ne mu duba ko talakawanmu na nan lafiya. Wasan nan namu da Kanawa bai hana shi shimfiɗa mini sabuwar tabarma ba. Amma gaskiya ya faɗa. Da na ga famfo a bakin hanya, mace ta murɗa ruwa ya zubo, na tsaya kallo har wani mai keke ya kusa kwashe ni. Fagge kuwa ba ka rasa ɗan gida: ga Buzaye da raƙumansu, ga Larabawa a ƙofar kanti, ga manyan motoci, duk a layi ɗaya. Gurasarsu da ƙuli na yaba, ɗanwakensu ma haka. Furarsu dai a bar maganar, ruwa ne aka nuna wa gero daga nesa.

Gari na wayewa na matsa wa Malam Sani ya raka ni Sabon Gari. Muka tarar da shaguna a rufe, maza da mata cikin fararen kaya, mata da manyan ɗaurin kai, ana ta waƙa a majami'a. Lahadi ce. Mu maƙera Juma'a muke ajiye guduma, su kuma ranar nan ko allura ba sa ɗagawa. Na koma Fagge ina cizon yatsa, ina duban gabas, don hadari ya fara leƙowa.

Ran Litinin muka samu shagon a buɗe. Mai shi Mista Obi ne, Ibo, dattijo gajere mai tabarau, ya yi aikin gyaran jirgin ƙasa har ya gaji ya buɗe nasa wurin. Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan. Na kwance tsumma na miƙa masa guntun, na ba shi labarin ɗan kokawa. Ya kai shi wurin haske ya duba, ya ce, "Wace taya ce?" Na ce ta hagu. Sai ya zauna a kan benci yana dariya har ya cire tabarau.

"Malam Ilu, wane gefe kuka murɗa?"

Na nuna masa yadda kowa ke kwance noti.

Ya ce, "Ai ɗaurewa kuka yi ta yi! Dubi haƙoran. Ƙusoshin gefen hagu na irin motar nan a juye ake yanka su, don kada gudun taya ya kwance su. Babu tsatsa ko kaɗan. Ƙarfinku ne ya kashe su."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina, ni da ake kira Bahago. Malam Sani kuwa ya samu abin da yake so, har muka rabu bai daina cewa Damagarawa sun yi kokawa da noti sun kayar da shi ba. Mista Obi ya ƙara da cewa haƙoran awon Faransa ne, shi kuma kayan yankansa na Ingila ne, ba sa shiga juna. Ashe har ƙarfe ya san iyaka. Sai dai a yi ƙusa da noti duka sababbi, su dace da junansu.

Sannan ya kai ni gaban injin. Jama'a! Tsawonsa ya kai raƙumi a gurfane, baƙi, yana ƙyallin mai. Kafastan yake ce masa. Ta hagu akwai baki da ake zuro doguwar sandar ƙarfe ta cikinsa, a ja wani hannu ya damƙe ta, lantarki ya juya ta da gudun da ido ba ya bi. Mu a maƙera ƙarfe ke tsayawa guduma ta yi tafiya. A nan ƙarfen ke juyawa, wuƙa ta tsaya tana fere shi. Ta dama kuwa akwai wani kai mai fuska shida, kowace fuska da irin makamin da aka ɗaura mata, yana zaune a kan abin da ke zamewa gaba da baya. Da wani hannu mai ƙafafu kamar sitiyari ake tura shi. In ka tura, makamin da ke gaba ya yi aikinsa. In ka janye, kan ya juya da kansa, ƙwas, makami na biye ya fuskanci ƙarfen. Ba mai kwance wani abu, ba mai ɗaura wani.

Na ɗauka kafin azahar zan kama hanya. Ina! Mista Obi ya wuni yana ɗaura makamai yana kwancewa. A bayan kan akwai dogayen sukurori, ɗaya ga kowace fuska, su ke tare shi idan ya kai inda aka ce ya tsaya. Sai ya murɗa ɗaya kaɗan, ya yanka gwaji, ya auna da wani ɗan ma'auni mai baki, ya girgiza kai, ya jefar. Ƙarfe mai kyau, mai tauri, irin wanda ban taɓa samu a maƙerarmu ba, yana ta zubarwa! La'asar ta yi babu ƙusa ko ɗaya. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Mista, da a maƙerarmu ne da yanzu na cika ƙwarya. Ko injin naka na ado ne?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kai kana gyara kowace ƙusa ne da ido. Ni injin nake gyarawa, sau ɗaya. In na yi kuskure yau, gobe zai haifa maka kuskuren nan ɗari, duk kamarsu ɗaya."

Ina zaune ina huci sai matarsa, Madam Rosa, ta kawo mini gasasshiyar doya da manja. Ta lura ina leƙen kwanon, ta ce, "Ka ci, Malam, babu nama, na san ku." Na kai loma, barkono ya kama ni har kunne, hawaye na zuba ina cewa da daɗi. Ta kawo ruwa tana dariya. A daren nan aka yi iska mai ƙanshin ƙasa a Fagge, na yi ta addu'a kada ta kai Damagaram.

Da safe na tarar da abin da ya fi komai ba ni mamaki a tafiyar nan. Mista Obi na can gefe yana shan shayi, Madam Rosa ce a gaban injin, ta ɗaure zani tamau, ta tattare kanta cikin kallabi. Mace a bakin aikin ƙarfe! A gidanmu mace ko uwar maƙera ba ta tsallakawa. Ta ja hannu, sanda ta zuro ta dungure fuska ta farko, wadda aikinta kawai ta tsayar da tsawo. Ta damƙe. Ƙwas, fuska ta biyu ta fere jikin, ɓawon ƙarfe na fita a nannaɗe, shuɗi, wani farin ruwa kamar madara na zuba a kai don kada ya yi zafi. Ƙwas, ta uku ta goge ya yi sumul. Ƙwas, ta huɗu ta gyara bakin. Sai mai yanka haƙora, wadda ke hawa ƙusar tana ci, ta kai iyakarta ta buɗe baki da kanta ta sake ta. Daga nan Madam ta murɗa wani hannun, siririyar wuƙa ta shigo ta gefe ta datse. Ƙusa ta faɗo cikin tire, ƙwal!

Na ɗauka da zafinta ina kabbara. Ban gama juya ta ba wata ta faɗo. Na haɗa su, na rufe ido na shafa yadda Baba ke yi. Wallahi ba bambanci. Ita kuwa Madam ko kallon ma'auni ba ta yi, tana aiki tana 'yar waƙarta, injin ne ke tsayar da hannunta a inda mijinta ya ce. Na yi ta zagaye injin kamar wanda aka yi wa albishir, Malam Sani na cewa a riƙe Badamagare kada ya faɗa ciki.

Murna na sauka sai maganar Baba ta dawo mini. Na sami Mista Obi na ce, don Allah ya bar ni in yi ko guda ɗaya da hannuna, na gaya masa dalili. Ya saurara sosai, sannan ya ce a'a. Ya ce mai yanka haƙoran hagun nan ita ke nan gare shi, in baƙon hannu ya tura ta da ƙarfi ta karye, sai an aika Ingila, ni ma kuma na rasa sauran ƙusoshina. Na roƙa, na yi fushi, na ce tun ban iya tafiya ba nake cikin ƙarfe. Ya ce, "Shi ya sa. Hannunka ya saba da duka." Gaskiya ce, amma ta yi mini ɗaci. Da aka tsaya hutu Madam ta cire sandar ta ce in zo in juya a banza. Na tura, na janye, kan ya ce ƙwas a cikin tafin hannuna. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa, sai dai na san wannan ba aiki ba ne.

Ina tattara ƙusoshin wani abu ya yanke ni a yatsa. A kan kowacce, daidai inda wuƙa ta datse, akwai ɗan tsini da ya rage, kamar cibiyar jariri. Mista Obi ya ce haka injin ke bari, sai an bi da hannu, zai sa a goge in an gama notuna. Na ce a bar mini, ai ba na zauna hannu rabbana ba. Ranar da ya ɓata yana sake shirya injin don notuna, ni kuma ina ƙarƙashin durumin ƙofar gidan Malam Sani da magagarin Baba, ina bin cibiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, don dai in rage zafin zuciya ne.

Na yi sallama da su kamar mun shekara tare. Madam ta ƙulla mini barkonon nan wai in kai wa matata. A hanyar dawowa ban ga Kazaure ba, ban ga Daura ba, sama kawai nake kallo. A duwan mai binciken nan ya gane ni, ya buɗe jaka ya ga ƙusoshi na ƙyalli, ya ce guntun nawa ya hayayyafa. Muka shiga Damagaram gabas ta yi baƙi ƙirin, amma ƙasa a bushe, buhuna na nan yadda na bar su.

Kafin in sha ruwa maƙera ta cika, Alhaji Mamman na gaba. Na durƙusa na juye jakar a kan buzun Baba. Ya ɗauki ɗaya ya shafa, ya ɗauki wata, ya jera su a cinya yana bin haƙoran da farce. Can ya ce, "Waɗannan ba su da uba. Duk ɗaya ne. Ilu, wacce ce taka?"

Na ce, "Baba, ban taɓa injin da ƙarfe a cikinsa ba. Sun hana ni."

Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Shi kuwa bai daina shafawa ba, har babban yatsansa ya kai kan ƙusar. Ya tsaya. Ya koma ya sake bi, ya ɗauki wata ya taɓa wurin nan dai. Sai na ga gemunsa na motsi.

Ya ce, "Alhaji, matso ka ji. Jikin na inji ne. Amma gugar nan daga hagu ta faro, kuma da magagarina aka yi ta. Bahagon gidan nan ne ya yanke musu cibiya."

Ya ci gaba da bin su, ni ina share ido da hannun riga, sai ya ce, "Af!" ya ɗaga yatsa da ɗigon jini. Ashe guda ɗaya ta tsere mini da tsininta. Na miƙa hannu in karɓa, ya buge hannun.

"Ba ni magagarina."

Ya dafe ƙusar a kan uwar maƙera, ya laluba tsinin, ya fara gogawa a hankali. Mu duka muka kasa kunne muna jin ƙarar da rabon maƙerar nan da ita tun idanunsa na gani. Ya shafa, ya ƙara ja biyu, ya hure, ya miƙo mini.

"Je ka ɗaura. Wannan ka fara sawa. Kuma ka gaya wa ɗan kokawa ya tsaya nesa."

Da kaina na ɗaura su, ina murɗawa hagu, kowane noti ya hau lafiya kamar da man shanu. Aka yi lodi da gudu, har da mu. Motar na fita ƙofar gari aka fara yayyafi, ta tafi da tamfol a kanta. Na dawo a jiƙe na tarar da Baba zaune inda na bar shi, magagari a cinya bai mayar ƙarƙashin buzu ba. Ya ce, "Zauna nan. Kan nan mai fuska shida, ka ce da kansa yake juyawa? Faro mini daga farko."